Cire talla daga shirin da aka naɗa a dikoda: wace hanya ce ba ta ɓata hoto?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Dikodar gidanmu ta tashoshin kyauta ce, mai ramin filashi a baya, tana naɗar shiri. Da azumin da ya wuce na naɗa wa mahaifinmu tafsirin da yake bi duk shekara, da wani shirin tarihi da ake sawa mako-mako. Duk suna nan a filashi. Abin da ya dame ni talla ne. Baba idonsa ya yi rauni, ba ya iya lalubar rimot. Ana cikin karatu sai talla ya faɗo da ƙarar da ta danne ta malamin, ya zauna yana jira har ya manta inda aka tsaya. Na sa fayil ɗaya a manhajar da yarana suke haɗa bidiyo da ita na yanke tallan, amma fitar da shi ya cinye rabin yini, laftof ta ɗauki zafi, hoton kuma ya dusashe har ayoyin da ake rubutawa a ƙasan allo ba sa karantuwa. Akwai hanyar da ta fi wannan?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Yaya. Akwai, kuma ba sai ka sayi sabuwar kwamfuta ba. Duba sunan fayilolin tukuna, me aka rubuta a ƙarshensu bayan ɗigo?

Baban Sadik:
ts aka rubuta. Wasu kuma shiri ɗaya ne amma ya rabu gida biyu, 000 da 001.

Injiniya:
Madalla. Wannan ts ɗin shi ne ainihin abin da tauraro ya aiko, dikoda ba ta taɓa shi ba, zuba shi kawai ta yi a filashi. Ke nan babu wani hoton shirin nan da zai fi wanda ke hannunka kyau. Abin da manhajar yaranka ta yi shi ne ta warware bidiyon gaba ɗaya ta sake matse shi daga farko. Shi ya ci lokacin, shi ya ɗumama laftof, kuma duk matsewa ta biyu sai ta zubar da wani abu. Ƙananan rubutu su ne suke fara tafiya. Kai kuwa ba gyaran hoto kake nema ba, cire yanki kake nema.

Sauke Avidemux, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ta. In ka buɗe fayil za ta ɗan tsaya tana karanta shi, ta ajiye wani ƙaramin fayil a gefensa, kar ka goge shi sai ka gama. A hannun hagu, wajen hoto da wajen sauti, ka bar su duka a kan Copy. Sirrin ke nan. Ma'anarsa manhajar ba za ta sake matse komai ba, kwashe abin da ka bari kawai za ta yi zuwa sabon fayil. Shirin awa guda ba ya wuce 'yan mintoci, sau da yawa saurin filashin ne ma yake jan ƙafa.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan mutane suke tuntuɓe. Talabijin ɗinmu hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, sai dai ba duka ake aiko su cikakku ba. Ana aiko cikakke guda, sai waɗanda ke biye su ɗauki bambanci kawai: hannu ya motsa, baki ya buɗe, bango yana nan yadda yake. Bayan kamar rabin daƙiƙa, a wasu tashoshin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai wani cikakken ya sake zuwa. Kamar rake ne, a gaɓa ake karya shi. In shirin ya dawo a kan hoton da ba cikakke ba, za ka ga allo ya farfashe, fuskar malam ta narke da toka-toka na ɗan lokaci kafin ta daidaita.

To ga aikin. Je inda talla ya fara ka danna maɓallin A, alamar farkon yankin da za a cire. Sai ka nufi inda ya ƙare, kana tafiya da kibiyar sama da ta ƙasa a kan madannai, domin su daga cikakken hoto zuwa cikakken hoto suke tsalle. A ƙasa manhajar tana nuna irin hoton da kake kai, ka tabbata harafin I ne, wato cikakken hoto, sannan ka danna B, alamar ƙarshen yankin, ka danna Delete. Inda B ya tsaya shi ne wajibi ya zama I. In ka kuskure ma, lokacin adanawa za ta yi maka gargaɗi.

Mai Dishi:
Bari in amsa maganar rabuwar fayil, don ni nake ɗaura wa mutane waɗannan dikodojin. Ba lalacewa ba ce Alhaji. Filashinka tsarin FAT32 ne, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, shi ya sa dikoda take yanka naɗin gunduwa-gunduwa, wasu ma tun kafin a kai nan. In ka buɗe 000 a Avidemux, yawanci da kanta take tambaya ko ta haɗo sauran masu lamba a jere, ka ce eh. In ba ta tambaya ba, ka shiga File ka zaɓi Append.

Kuma ka fara kwafe komai cikin kwamfuta kafin ka taɓa. Kar ka yi aiki a kan filashin kai tsaye. A ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, ka rasa na yau da na jiya.

Uwar Biyu:
Wallahi na ji daɗin wannan magana. Ni ba ƙara ce ta dame ni ba, abin da ake tallatawa ne. Kina zaune da yaranki ana kallon wasan kwaikwayo mai ma'ana, sai mai maganin gargajiya ya fito yana ambaton abin da ko a ɗakin miji sai an rage murya. Ko tallan caca ta ƙwallo, ko man bilicin. Ɗana na aji huɗu ya taɓa juyowa ya tambaye ni ma'anar wata kalma da mai maganin ya faɗa, a gaban kakarsa. Tun ranar na daina barin su kallo kai tsaye. Injiniya, mace irina da ba ta wuce buga takarda a kwamfuta ba za ta iya?

Injiniya:
Ƙwarai kuwa Anti. Ke ma LosslessCut za ta fi miki sauƙi. Ita ma kyauta ce, ita ma ba ta sake matse hoto. Kina jan fayil ki jefa mata, ki yi wa sassan da kike so alama, ki ce ta haɗe su ta fitar. Tana iya nuna zanen sauti a ƙasa, da ido ma za ki gane inda talla yake, don zanen yana cika ya yi kauri.

Na Sashen Talla:
Salamu alaikum. Na karanta daga sama, kuma ba zan iya yin shiru ba, domin a sashen talla na wata tasha nake cin abinci. Kuna cewa tashar kyauta. Ba kyauta ba ce, wani ne ya biya muku. Man janareton da ke kunne dare da rana, hayar gurbi a tauraro da dala ake biya, albashin mai kyamarar da ya tsaya a masallaci da azumi a bakinsa, daga ina kuke zaton suke fitowa? Tafsirin nan da Alhaji ya naɗa, wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyinsa, sharaɗinsa kuma ɗaya ne, a ambaci hajarsa. Ku karɓi karatun ku jefar da wanda ya kawo shi? In kowa ya koyi wannan, gobe mai kamfani zai ce me zai biya, shirin ya mutu, ku dawo kuna cewa tashoshin Hausa ba sa yin abin kirki.

Baban Sadik:
Ɗan'uwa na ji maganarka, kuma ba na raina ta. Amma duba. Ranar da aka watsa shirin, talabijin a kunne yake, Baba ya ga tallan, ni ma na gani, mai kamfani ya samu abin da ya biya. Yanzu maimaici ne a ɗakin tsoho. Tallan rangwamen Sallar da ta riga ta wuce, wa zai amfana in Baba ya sake jin sa sau ashirin?

Na Sashen Talla:
Kai ka gani. Anti kuma ta faɗa da bakinta cewa yaranta ba sa kallo kai tsaye.

Uwar Biyu:
Eh na faɗa, kuma ban janye ba. Ku tsabtace abin da kuke karɓa, ni da kaina zan bar shi. Tallan sabulu ko taliya bai taɓa sa na tashi neman rimot ba. Ba zan sayar da kunnen 'ya'yana don a sayi man janareto ba, Malam.

Na Sashen Talla:
A kan masu maganin nan ba zan yi musu da ke ba Hajiya, a cikin gida ma muna wannan faɗan. Sai dai su ne suke zuwa da kuɗi a hannu lokacin da manyan kamfanoni suke cewa a jira wata uku.

Lauya:
Wannan gardama ta girmi wasu a zauren nan, kuma a Amurka aka fi gwabza ta. Da Sony ta fito da Betamax, na'urar naɗar shirin talabijin a kaset, kamfanonin fim na Universal da Disney sun kai ta kotu, suna cewa naɗar shiri a gida satar fasaha ce. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce mutum ya naɗi shiri don ya kalla daga baya a gidansa bai karya doka ba. Da aka zo zamanin na'urori masu ma'adana, ReplayTV ta sa wata dabara da ke tsallake talla da kanta. Manyan tashoshi suka maka kamfanin a kotu a 2001, kuma kafin a yanke hukunci kamfanin ya karye a 2003. A 2012 Dish Network, kamfanin talabijin na tauraro, ta sake fito da irinta mai suna AutoHop, Fox da wasu suka kai ƙara, kotu ta ƙi dakatar da ita, daga baya aka sasanta. Abin lura shi ne duk waɗannan ƙararrakin, kamfanin da ya ƙera na'ura ake bi, ba mai gida da ke falonsa ba.

A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa amfanin kai a cikin abubuwan da ta yi wa sassauci. Amma ita dai wannan dokar ta hana fasa makullin da mai abu ya sa wa kayansa. Don haka ku raba abu uku: yankewa don kallon gida daban, rarrabawa daban, fasa kulle daban. Na biyun da na ukun ne suke kai mutum gaban hukuma.

Mai Dishi:
Lauya ya taɓo inda ake yawan tambaya ta. Dikodar biyan wata-wata mai naɗa, irin su Explora, a kulle take ajiye shiri a cikinta, ba a fitar da shi zuwa kwamfuta. Duk bayanin Injiniya na tashoshin da suke a buɗe ne. Kar wani ya kwance dikodarsa ya ciro ma'adanar, ba abin da zai gani.

Malam Ɗan Zazzau:
Bismillah. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, ba ya halatta a keta shi. Wannan ya hau kan wanda zai kwashe shirin mutane, ya cire tambarinsu da masu ɗaukar nauyinsu, ya kai shagon turi yana karɓar kuɗi, ko ya ɗora a shafinsa talla na shigo masa. Mun ga yadda wannan ya durƙusar da masu sana'ar fim a Kano. Amma ni ban ga inda mai kallo ya ƙulla alkawarin cewa sai ya kalli talla ba. Wanda ya tashi alwala lokacin talla ba a ce ya ci haƙƙi. Kuma kawar da abin da bai dace ba daga idon yara aikin iyaye ne. Sai dai ina ba Alhaji shawara, ambaton wanda ya ɗauki nauyi da ake yi a farkon tafsiri ya bar shi. Mutumin ya yi alheri, a bar Baba ya ji sunansa ya sa masa albarka. Allahu a'alam.

Baban Sadik:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Na farko da na ƙarshe za su zauna, na tsakiyar karatu ne zan cire.

Na Sashen Talla:
In haka ne da sauƙi. Amma ku riƙe alkawarin rashin turawa. Abin da muke gani shi ne, ana cewa na Baba ne, mako guda sai ka tsince shi a guruf goma na WhatsApp.

Ɗalibi:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Me ya sa za a zauna ana yanka da hannu alhali akwai Comskip? Ita da kanta take bin bidiyo tana neman alamun talla: baƙin allon da ke shiga tsakani, ɗan shirun da ake yi, ɓacewar tambarin tasha daga kusurwa, sauyin faɗin hoto. In ta gama sai ta rubuta ƙaramin fayil mai ƙarewa da edl, lissafin daƙiƙoƙi ne kawai, daga nan zuwa nan talla. Ka ajiye shi kusa da bidiyon da suna iri ɗaya, in ka kunna a Kodi, wata manhajar kallon bidiyo, sai ta tsallake wuraren da kanta. Ba a yanke komai ba, asalin yana nan. Manhajar Plex ma, mai naɗa da nuna shiri, da Comskip take amfani wajen cire talla.

Injiniya:
Ƙanena, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka gwada ta a kan tashoshinmu? An gina ta ne a kan al'adar tashoshin Turai da Amurka, inda talla yake zuwa a ƙayyade, daƙiƙa 15, 30 ko 60, da baƙin allo a tsakani, tambari kuma ya ɗauke. A nan fa? Tasha ta bar tambarinta a kan talla. A shiga talla ba baƙin allo ba shiru. Mai magani ya yi minti bakwai yana bayani a zaune, ita kuwa manhajar ta ɗauka shiri ne. Mafi muni, a tafsiri malam yana yin shiru, kyamara ba ta motsi, alaramma ya ja aya a tsaya. Tana iya ɗaukar wani yankin karatun a matsayin talla. Ka yi tunanin an ba ta izinin yankewa kai tsaye, ta hadiye fassarar aya biyu ba wanda ya sani.

Ɗalibi:
Ai ana gyara mata saiti a fayil ɗinta mai suna comskip.ini Yaya, ka kashe dogaro da tambari, ka ƙara tsawon tallan da za ta yarda da shi.

Injiniya:
Ana yi, kuma kowace tasha da nata saitin. Wanda yake naɗar shiri ɗaya kullum daga tasha ɗaya, wahalar ta biya shi. Ni inda na tsaya shi ne ta yi alama, mutum ya duba da idonsa, sannan a yanke. LosslessCut tana karɓar fayil ɗin edl, sai ka ga alamomin a jere ka gyara waɗanda suka kauce. Amma Baba ba Kodi gare shi ba, filashi za a soka a dikoda. Dole a yanke masa na gaske.

Hajiya Malama:
'Ya'yana, na bi ku a hankali, kuma akwai abin da ba wanda ya faɗa. Na yi shekaru ina aikin laburare kafin in yi ritaya. Abin da kuke kira datti yau, shi masu bincike za su nema gobe. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya zo Kaduna a 1962. Ku tambayi duk wanda ya girma a gaban akwatin nan me yake tunawa, za ku ji ya rera muku waƙar tallan sabulu ko ta batir kafin ya tuna labaran ranar. A cikin talla ake ganin farashin kaya, da irin ɗinkin da ake yayi, da yadda Hausar kasuwa take sauyawa, da abin da mutane suke tsoro da abin da suke buri. Shirin kansa tasha tana iya adana shi ko ta maimaita. Tallan da ke tsakiya kuwa, in kwangila ta ƙare shi ke nan.

Akwai wata mata a Amurka, Marion Stokes, a birnin Philadelphia. Ta shafe sama da shekara 30 tana naɗar talabijin dare da rana har ta rasu a 2012, ta bar kaset wajen dubu 70, aka miƙa su ga Internet Archive, wata cibiyar adana tarihi a intanet. Darajarsu ita ce ba ta tace komai ba, yadda aka watsa haka ta ajiye. Ko BBC da girmanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da kaset, daga baya ta dawo tana cigiya a hannun masu naɗa a gida.

Ban ce kar ku yanke wa Baba ba. Ku yanke. Amma asalin, da tallansa da sanarwar ɗaurin aurensa da ta rasuwa, kar ku goge. Ku rubuta sunan tasha da kwanan wata a jikin fayil ɗin.

Uwar Biyu:
Mama, har na masu maganin?

Hajiya Malama:
Har su, 'yata. A ma'adanar da yara ba sa kai hannu. Ranar da za a rubuta yadda aka yi wasa da lafiyar mutane a ƙasar nan, shaida za a nema.

Baban Sadik:
Hajiya, wurin ajiya fa? Laftof ɗin ta kusa cika.

Injiniya:
Lissafin ba shi da wuya Yaya. Tashar da ke aiko megabit 2 a daƙiƙa, awa guda mega 900 ne. Mai megabit 4, giga 1.8. Ko da na biyun aka yi, tafsirin kwana 30 na awa ɗaya-ɗaya giga 54 ne. Ma'adanar waje mai tera 1 za ta ɗauki na shekaru da yawa. In dole sai an rage girma, to a nan ne HandBrake, manhajar matse bidiyo, take shigowa, amma bayan an yanke, kuma a kan kwafi. Ka kunna mata Decomb ko Yadif, in ba haka ba za ka ga layi-layi a gefen duk abin da ya motsa, saboda hoton talabijin rabi-rabi ake aiko shi, layukan mara sannan na cika.

Batun ƙarar da ta dami Baba kuma, masu haɗa talla matse sautin suke yi ya zauna a sama daga farko har ƙarshe, shi kuwa malam yana hawa yana sauka. Amurka sai da ta yi doka a kan haka a 2010, Turai ma ta fitar da ma'auninta a shekarar.

Baban Sadik:
Alhamdu lillahi, na yi na farko. Kafin in gama shan ruwa ya fita, ayoyin ƙasan allo tar kamar na asali. Amma da na soka a dikoda ba ta ga fayil ɗin ba sam. A kwamfuta kuwa yana yi.

Mai Dishi:
Da wane irin fayil ka fitar?

Baban Sadik:
mkv, shi na tarar a wurin.

Mai Dishi:
Shi ne dalili. Tsofaffin dikodoji da yawa ba su san shi ba. Koma wajen Output Format ka zaɓi Mpeg TS, ka sa wa sunan ts a ƙarshe. Kuma ka nema ta ɓangaren kallon bidiyo na filashi, ba cikin jerin abin da dikodar ta naɗa da kanta ba, don can sai da 'yan fayilolinta na gefe take gane shiri.

Uwar Biyu:
Saura rubutun tallan da ke gudu a ƙasan allo ana cikin shiri. Shi fa?

Injiniya:
Wannan ya riga ya zama jikin hoton Anti, yanka ba ya fitar da shi. Sai dai a datse ƙasan allon gaba ɗaya, wanda ke buƙatar sake matsewa, kuma duk abin da ke wurin zai tafi tare da shi. A tafsiri ban ba da shawara ba, don nan ake sa ayoyin.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku gafarce ni na zo a makare. Ni kokowar gargajiya nika naɗa daga Télé Sahel, talabijin ɗinmu na Nijar, ta gasar takobi, duk shekara. Na bi abin da Injiniya ya ce, yankan ya yi daidai. Amma akwai guda da munka naɗa ranar da iska ya kaɗa farantin, hoto ya tsaya ya dawo. Daga wurin nan murya ta riga hoto. Mai sharhi na cewa an kada, su ko 'yan kokowa ba su ko kama juna ba. Mi za a yi?

Injiniya:
Sannu da zuwa ɗan'uwa. Sigina ce ta yanke, wasu hotuna suka ɓace, sautin kuma ya ci gaba. Fara da buɗe asalin ts ɗin a manhajar kallo ta VLC ka wuce wurin da ya tsaya. In murya da hoto sun koma daidai a can, to lokutan da ke cikin fayil ɗin lafiya suke, wajen fitarwa ne aka samu matsala. Sai ka ɗauki wurin da ya farfashe ka cire shi kamar yadda ka cire talla, A kafin ya fara, B a kan cikakken hoto na farko bayan ya daidaita.

In har yanzu da saura, raba shirin biyu a daidai nan. Kashi na farko ka fitar yadda yake. A na biyun, ƙarƙashin wajen sauti akwai Shift, ka kunna shi. Lambar da ake sawa ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ce, wato 500 rabin daƙiƙa ke nan, kuma tunda muryar ce ta yi gaba, jinkirta ta za ka yi, kar ka sa alamar ragi. Kar ka auna da bakin mai sharhi, ba ka ganin sa. Nemi inda makaɗi yake dukan ganga, ka daidaita saukar hannunsa da ƙarar.

Ɗan Maraɗi:
Tazarar ba ta tsaya wuri guda ba, ƙaruwa takai har ƙarshe.

Injiniya:
To ba yankewa ɗaya ba ce, sigina ta yi ta tsinkewa ƙanana-ƙanana, kuma Shift ba zai gyara wannan ba. Sauke MediaInfo, ka buɗe fayil ɗin ka faɗa min abin da ta rubuta a wajen hoto, wato irin matsewar da aka yi masa. In MPEG-2 ne, wata manhaja mai suna ProjectX tana raba hoto da sauti ta cike giɓin ta daidaita su, sannan ka yanke. In AVC ta rubuta, ProjectX ba ta aiki da shi, sai mu bi ta FFmpeg, manhajar da ake ba umarni a rubuce. Ka turo min hoton allon nan zaure in rubuta maka umarnin daidai da fayil ɗinka.